Hawayen Dodo Na Ɗari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, wadda nake kira Uwani saboda sunan mahaifiyata ta ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya cikin kar, babbar motar Yamai. Na ce wa innarki ta cusa ta ƙarƙashin cukun da ta ɗaure miki, don na san halinki, kafin ku kai Ƙonni za ki kwance cukun nan. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direba daga barci da gudu, Ya sauke ki ƙofar jami'a lafiya.

To, gyara zama. Uwani, ya faɗo! Wallahi tallahi ya faɗo! Hawayen dodo na ɗari ya shiga jakarmu yau da safe, kina can Bambeye wajen sallamar gwaggonki. Da na dawo daga masallaci sai na zauna gindin iccen bedin ƙofar gida inda rezo, sabis ɗin waya, ya fi kamawa, na buɗe wasanmu, na tura jaruminmu Na-Bambeye cikin kogon gishiri. Dodon nan mai kai biyu ya taso kamar yadda ya saba. Na kauce wa wutsiya, na kauce wa wuta, na bar shi ya ɗaga kan hagu, na zuba masa sara uku a wuya. Ran Na-Bambeye saura ɗan ja-ja kaɗan. Sai dodo ya durƙusa, ya yi kukan nan nasa, sai ga abu shuɗi ya gangaro ƙasa yana walƙiya. Na yi wani ihu da ya sa awakin maƙwabta suka watse.

Innarki ta fito da muciya a hannu ta ce, "Malam, lafiya? Kunama ce?"

Na ce, "Wace kunama! Ɗari ne, ɗari cif!"

Ta ce, "Ɗarin me kuma?"

Na sake yi mata bayanin da na yi mata ya fi sau goma. Na ce tsabar kuɗin wasa kowane ƙaramin maƙiyi na zubar da su, ba su da wata daraja. Amma hawayen dodo daga wannan dodo kaɗai suke faɗowa, sau ɗaya ake barin mutum ya shiga kogonsa a yini, kuma sai ka kashe shi sau shida ko bakwai bai zubar da ko ɗaya ba. In ka tara ɗari, maƙerin cikin wasa ya ƙera maka mashin tsawa, wanda duk Tawa ba mu san mai shi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shekara uku kai da ɗiyarka kuna bin wannan abu. Allah Ya shirya." Ta koma kan tuwonta, amma na ga tana dariya.

In kin dawo da yamma kika tambaye ni, zan ce miki batiri ya mutu. Ki yafe mini wannan. Akwai maganganun da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba, ga shi gobe za ki tafi, kuma wasan nan shi ne abin da ya zaunar da ni da ke tabarma ɗaya kowace yamma tsawon shekara uku. Ban san abin da zai saura tsakaninmu ba in an ƙera mashin kuma kin yi nisa. Shi ya sa na rufe atilye, shagon waldata, da wuri, na nemi takarda. Kurakuran da na yi wajen tara hawayen nan zan jera miki, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Na farko girman kai ne. Kin tuna lokacin da Agali, Buzun nan na Takanamat mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya sa mini wasan? Wata biyu cur na yi ina kashe kuraye a fadamar farko. A tunanina duk wanda ya fi kashewa shi zai fi samu, haka na san aiki. Na kashe kuraye har babban yatsana ya yi kanta, ban ga hawaye ko na magani ba. Alhali an rubuta komai da Faransanci a ƙofar kogo, ni kuwa Faransancina bai wuce na auna ƙarfe da gaisuwa ba. Kunya nake ji a ce mai gemu kamata ya tambayi yarinya 'yar shekara sha biyar. Ran nan kika leƙo ta kafaɗata, kika karanta, kika ce, "Baba, ai ba nan ake samunsu ba." Na ce na sani, gwaji nake. Ƙarya nake, ban sani ba. Don haka in kin isa can kika ga an rubuta abu a ƙofa ba ki gane ba, ki tambaya tun ranar farko. Ki tambayi ko da wadda kika girma ce, ko mai shara ce. Wahala ba ita ce samu ba in ba wurin ake yinta ba, ni na gwada wata biyu.

Na biyu kuwa kin san shi, har yau kina yi mini tsiya a kai. Sallah ƙarama ta zo muna da hawaye goma sha takwas. Na ɗinka miki atamfa, na yi wa innarki, na yi wa kaina shadda. Da safen Sallah na buɗe waya sai na ga Na-Bambeye tsaye cikin tsummokaran nan nasa na fata, gwiwa a waje. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce ɗan gidana ba zai yi Sallah haka ba ina raye, mutane su ce me? Na shiga kasuwar wasa na ga wata alkyabba ja mai zanen zinariya da rawani, hawaye goma sha biyar. Ban yi shawara da kowa ba na danna. Kai, ya yi kyau! Na bi abokaina ɗaya ɗaya a filin idi ina nuna musu. Agali ya karɓi wayar ya duba ya ce, "Isufu, wannan riga ba ta ƙara ƙarfi, ba ta tare sara. Ado ne kawai." Na ce ai Sallah ce. Ya ce, "Dodo ya san Sallah?" Washegari dodo ya tattake Na-Bambeye da alkyabbarsa da rawaninsa, kamar yadda yake tattake shi cikin tsumma. Ke kuwa kwana biyu kina gaishe ni da "Baban ango."

Abin da nake so ki riƙe a nan, akwai abin da ake samu kullum, akwai wanda ake daɗewa kafin a samu. Na kullum ki yi ado da shi, ki yi kyauta, ki ci daɗi, ban hana ki ba. Na wuya kuwa kada ki taɓa shi sai a kan abin da zai ƙara miki ƙarfi. A Yamai za ki ga 'yan mata da wayoyi da lesuka da za su sa ki ji kamar naki tsumma ne. Kafin ki ba da lokacinki ko mutuncinki don wani abu, ki yi tambayar Agali, yana tare sara ko ado ne. Amma gaskiya alkyabbar ta yi masa kyau, wannan ban janye ba.

Akwai kuma ƙofar mutumin Tebaram. Wannan ba ki sani ba sai dai kin ga na dawo gida ina huci. Dattijo ne ya ba ni aikin ƙofar ƙarfe ta shagonsa, ya ce hannun dama za ta buɗe saboda akwai bango a hagu. A makon nan an ce dodo na yawan zubar da hawaye, sai na jingina waya a kan maƙera, ido ɗaya kan walda, ido ɗaya kan kogo. Wayar ta yi zafi har sai da na ɗora ta kan randa ta huce. Na gama ƙofa, na shafa fenti, dattijo ya ɗora a mota ya tafi da ita har Tebaram. Bayan kwana biyu sai ga shi da ƙofarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Maƙeri, na ji ana yabon hannunka tun zamanin babanka. Ko ba ka da lafiya ne?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na sa wa kaina doka, kogo bayan asuba kawai, in na kunna inji waya na cikin aljihun rigar da na rataye. Ke ma ki yanka wa wasa lokacinsa, ki rufe shi a ciki. Karatun likitan dabbobi kika je yi, kuma likitan da ke duba raƙumi da ido ɗaya ba wanda zai sake kiransa.

Yanzu ga babbar. Ki ajiye cukun.

Kin tuna bara kafin damina, da muka wayi gari hawayenmu talatin sun ɓace, takobin Na-Bambeye kuma ya karye? Na ce miki rezo ne ya yanke ina tsakiyar wasa, abin ya cinye. Ba rezo ba ne, Uwani. Ni ne.

Kin san maƙerin wasa yana da hanya biyu. Ko ka kawo ɗari ya ba ka mashi ba gardama, ko ka ba shi talatin ya bugi tsohon takobinka a kan uwar maƙera, in an yi sa'a ya zama na tsawa, in ba a yi ba ya karye. Ke da Agali kun sha gaya mini caca ce, kada a kusance ta. Ni kuwa a zuciyata na ce waɗannan ba su san ƙarfe ba. Ni ɗan maƙera ne jikan maƙera. Babana yana jin ƙarar guduma daga bayan gida ya ce wannan fartanya za ta tsage, kuma ta tsage. Ni ma kunnena ya gaji wannan, in na ƙwanƙwasa bututu na san inda ya ruɓe. Sai na yi kwanaki ina zuwa gaban maƙerin wasa ina sauraren gudumarsa, na sa waya a kunne kamar mai jiran kira. Na ga kamar bugu na uku ya fi zaƙi, yana da wannan amo na ƙarfen da ya nuna. Na ce shi ke nan, na gano sirrinsu, in na danna daidai bugu na uku ba makawa. Har na fara tsara yadda zan miƙa miki wayar da yamma in ce, "Duba abin da Babanki ya yi."

Na danna daidai bugu na uku. Takobi ya rabu biyu.

Da na gaya wa Agali sai ya riƙe kai ya ce, "Isufu, babu ƙarfe a ciki. Ƙara ce aka ɗauka aka sa, iri ɗaya take yi wa kowa." Shekara arba'in ina sana'a, ya ɗauki kunnena ya jefar da magana ɗaya, kuma gaskiyarsa. Asarar ba ita ta fi ci mini rai ba. Da na yi miki ƙaryar rezo, sai kika zauna kika rubuta wa masu wasan doguwar takardar koke da Faransanci, kika karanta mini ita da alfahari, na ce ta yi. Sati biyu kullum kina dubawa ko sun amsa. Ran da kika haƙura na ga kin juya fuska bango kina share ido, ni kuma ina zaune ina shan shayi kamar ba ni ba. Na ji kunyar wannan fiye da ƙofar Tebaram sau goma. Ina neman gafararki, kuma in kin yi fushi har Doso ban ga laifinki ba.

Shawarata biyu ce a nan. In kin ƙware a abu ɗaya, kada ki ɗauka ƙwarewar za ta bi ki kowane ɗaki. Kin fi kowa a lisenku, duk sakandaren, kin ci jarrabawar bak da kyau, madalla, amma can wata maƙera ce daban, ki shiga kamar sabuwar 'yar koyo. Ta biyu, in kin yi ɓarna ki faɗa a ranar, tun tana da zafi. Ni na bar tawa ta shekara, kullum sai ta ƙara nauyi. Kuma duk wanda ya ce miki akwai gajeriyar hanya, ya ce ba ni talatin in ba ki abin ɗari, ko a wasa ko a ofis ko a bakin titi, ki gaishe shi da kyau ki wuce.

Saura ɗaya, ita ce ta kwanan nan. Tun kina shirin bak kika bar mini kogo, na riƙa shiga da safe ni kaɗai. Sati uku ke nan muna kan casa'in da tara. Kowace yamma sai ki ce, "Baba, ya faɗo?" In ce bai faɗo ba. Sau biyu kika ce in bar miki shigar gobe ki gwada hannunki, na ce rezon safe ya fi ƙarfi. To, dodo bai yi rowa ba, ban ma kashe shi ba. Kullum sai in shiga, in yi ta fafatawa har ya kusa faɗuwa, sai in ɗauke yatsa in bar shi ya gama da Na-Bambeye. Sati uku ina zaune gindin bedi ina kallon ana tattake jaruminmu da gangan. Tsoro nake ji. Na ce in ɗari ta cika an ƙera mashi, magana ta ƙare, ba sauran "Baba, ya faɗo?" In kuwa muna kan casa'in da tara, ko daga Yamai sai kin kira kin tambaya.

Innarki ce ta kama ni, ita da ba ta san ko maɓalli ɗaya ba. Shekaranjiya ta tsaya bayana da tsintsiya ta ce, "Malam, da in kana wannan abu har ƙafarka rawa take. Yanzu zaune kake kamar mai jiran kar. Me kake ɓoyewa?" Na gaya mata. Sai ta ce, "Wato ɗaure yarinyar za ka yi da igiya kamar akuya? Sake ta. In mai waiwaye ce za ta waiwayo." Ta ci gaba da shararta. Jiya na kashe shi bai zubar ba, na ce wayyo na makara. Yau Allah Ya taimake ni.

Kada ki yi irin wannan, ɗiyata. Kada ki bar aiki a casa'in da tara don tsoron abin da ke bayan ɗari, kuma kada ki riƙe mutum da dabara. Abin da aka sha wuya aka tara, amfani da shi aka tara shi don a yi.

Sabuwar wayarki da na karɓa jiya na ce za a liƙa mata gilashi, ba gilashi kaɗai aka liƙa ba. Na sake kai ta yau, Agali ya mayar da Na-Bambeye kan lambarki gaba ɗaya. Buɗe ki gani. Hawaye ɗari na nan, ban taɓa ko ɗaya ba, ko kusa da maƙerin ban bi ba. Ke za ki je ki miƙa masa. Kai, ina ma ina ganin fuskarki lokacin da mashin zai fito! An ce in aka jefa shi allon waya duka fari yake yi. Amma ki bari sai kin sauka kin sami rezo mai kyau, kada ki danna a hanya tsakanin garuruwa, don wannan karon in ya yanke da gaske ne. In kuma kin ga wani abin da ya fi mashin amfani, ki saya, naki ne, ba sai kin tambaye ni ba.

Ni kuwa na buɗe sabon jarumi a tsohuwar wayata. Nivo ɗaya, matakin farko, ba takalmi, sandar icce ce makaminsa. Tun azahar ɓerayen bakin gari sun kashe shi sau uku, Agali ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce mai babban nivo na iya dawowa garin farko ya ja ƙarami su yi yaƙi tare, ko da ɗaya na Tawa ɗaya na Yamai.

Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye na kirki, Ya kare ki daga zazzaɓin bakin kogi da sharrin mai sharri, Ya buɗe miki karatu, Ya dawo mana da ke Adar lafiya da abin da kika je nema. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki kira innarki kafin ki kira kowa, ta fi ni dauriya a fuska ne kawai.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan tsayar da sabon jarumina mai sandar icce bakin rijiyar garin farko. In karatu ya riƙe ki, ko fushin talatin ɗin nan bai huce ba, kada ki zo, ba zan ce komai ba. Ni dai zan tsaya har a kira magariba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isufu mai walda, Tawa.